Motar da Ta Manta Hannun Dama

Idan ka shiga unguwar Nima a Accra ka tambayi gidan Injiniya, ba wanda zai nuna maka gidan mai takardar makaranta. Gidan Jibirilu za a nuna maka, kuma mai nunawar sai ya ɗan yi murmushi. Shi ya raɗa wa kansa sunan tun da ya dawo daga Libiya da jar jakar sifanu da labaran da suka fi jakar nauyi. A faɗarsa ya taɓa tayar da tanka a tsakiyar hamada da wayar rataye riga. Waɗanda suka je can tare da shi kuwa sun ce a gidan burodi ya yi aiki, kuma ko a can ɗin ma ba a yarda ya matso kusa da injin kwaɓa fulawa ba.

Shekara tara ke nan yana zaune a bencin masu shan shayin ataya yana gyara motocin duniya da baki. Matarsa Fusena ce ke riƙe da gida da tukunyar kokonta. Da ta gaji, sai ta je ta durƙusa gaban yayanta, Alhaji Saddique, mai fataucin albasa, ta roƙe shi ya ba mijinta tuƙin motarsa.

Motar irin ta shiga daji ce, doguwa mai manyan tayoyi, da ita Alhaji ke zagaya gonaki a arewa. A tafiyar baya dutse ya daki sandar ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ta lanƙwashe, suka yini a daji. Shi ya sa ya sayo farantin ƙarfe mai kauri daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wanda ake ɗaurawa a ƙasan mota ya zama garkuwa ga sandar.

Ranar Laraba ya kira Jibirilu, ya ɗora masa makulli a tafin hannu, amma bai saki ba.

"Ka kai wa Rahim makaniki ya ɗaura farantin nan. Gobe Mma, mahaifiyarmu, za ta sauka daga Makka, kai za ka ɗauko ta. In ka kawo ta ƙofar gida lafiya, makulli ya zama naka. In ka yi mini irin taka, ka koma bencinka."

"Yaya Alhaji, ni za a kai wa Rahim? Yaron da na girme wa sifanarsa?"

"Rahim na ce."

"To, an gama."

Ba a gama komai ba. Yana fita ya wuce garejin Rahim ko kallo bai yi ba, ya nufi lungun gidansu. A Nima wanda ba shi da ramin duba mota ba ya rasa rami, gota, wato kwatar ruwa, tana nan a buɗe kyauta. Sai ka ɗora motar a kanta, taya biyu nan, taya biyu can, ka sauka ciki ka yi aikinka. Lungun ya yi ƙunci, sai da Jibirilu ya murɗe sitiyari hagu har ƙarshe kafin motar ta hau daidai. A haka ya kashe ta, tayoyin gaba na kallon hagu, ya fito yana karkaɗa makulli don kowa ya gani.

Mutanen benci suka ɗauko bencinsu da butar ataya suka dawo bakin gota. Kallon kyauta ba a ƙin sa.

Jibirilu ya zazzage kwalin. Ga faranti, ga notuna, ga wasu zobban ƙarfe masu kauri guda huɗu, ga takardar bayani mai hotuna. Takardar ya fara ɗauka, ya goge hannu da ita, ya jefar.

Ana haka sai ga Rahim ya zo sayen waakye, shinkafa da wake, wurin Nasira, wadda rumfarta ke can saman lungun. Ya tsaya da kwanonsa ya leƙa.

"Masta Jibirilu, Alhaji ya ce mini za a kawo mota."

"An kawo ta inda ya dace."

"To ka sa zobban nan tsakanin faranti da jikin mota. Su ke ba sandar wurin wucewa. Kuma ka miƙe tayoyin kafin ka ɗaure, in ka gama ka murɗa hagu da dama ka ji ko tana taɓawa."

Jibirilu ya juya ya dubi mutanen benci.

"Kun ji? Ni ake koya wa zobe. Rahim, lokacin da nake kwance gindin tanka a Sabha ta Libiya kai kana koyon ɗaura wando. Zobban nan na malalata ne. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi ne aiki."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Rahim, ya tafi da waakyensa.

Jibirilu ya zuba zobban a aljihu, ya tattare wando ya sauka gota. Farantin ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗora shi a ka kamar mai tallan gyaɗa, ya ɗaga da wuya, yana laluben rami da hannu ɗaya. Noti na farko ya suɓuce ya faɗa cikin ruwan gota. Ya sunkuya nema, faranti ya zame ya sauka masa a babban yatsan ƙafa. Abin da ya fito daga bakinsa ba zai faɗu a nan ba.

"Injiniya, lafiya?" in ji Wahab, mai dafa ataya.

"Ina gwada nauyinsa ne."

"Ya kai?"

"Ya kai."

Ya sake ɗagawa. Noti biyu sun shiga ke nan, Nasira, wadda ba wanda ya gaya mata akwai mutum a ƙasa, ta gama dafa tukunya ta biyu ta tuttule ruwan karan dafi a gota kamar yadda ta saba yi shekara ashirin. Ruwan ya gangaro ja wur, da ɗuminsa, ya same shi a tsugune. Ya miƙe a firgice, kansa ya gaisa da faranti, ƙarar ta kai bakin titi.

Ya leƙo daga ƙasan mota, daga ƙugu zuwa ƙasa ya rine.

"Nasira, ba ki da ido ne?"

"Ina da su biyu. Gota na gani na zuba. In ka koma zama a ciki sai ka kafa allo."

"Aikin injiniya nake yi."

"To ka yi haƙuri, yanzu na wanke wake, akwai na biyu yana zuwa."

Ya koma ƙasa da sauri. Saboda tsoron ruwa na biyu da kuma haushin dariyar benci, ya ɗaure notunan nan huɗu da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, har da sa bututu a kan sifana yana lilo. Faranti ya manne da jikin mota, ko allura ba ta wucewa. Ya fito ya daki ƙarfen da sifana.

"Wannan ko giwa ta hau ba zai motsa ba."

"Ba za ka murɗa ka ji ba, kamar yadda Rahim ya ce?" in ji Wahab.

"Wanda bai yarda da aikinsa ba shi ke gwaji."

Da ya shiga gida Fusena ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye ludayi.

"Rahim ne ya rina ka?"

"Rahim bai taɓa motar ba. Ni na yi, kuma ba a taɓa yin irinsa a Nima ba."

"Shi nake tsoro," ta ce. "Jibirilu, gwiwoyina biyu na sa a ƙasa kafin Yaya ya yarda. Kada ka kunyata ni."

"Gobe za ki ga mijinki."

Ta kuwa gan shi.

Da safe Alhaji da Fusena suka riga shi tafiya sansanin alhazai a tasi. Jibirilu ya sa farin yadi da baƙin tabarau, ya tayar da mota, ya sauke ta daga gota, ya miƙe sitiyari, komai lafiya. A bakin lungu ya zo karya dama. Sitiyari ya je tsakiya ya tsaya, ƙasan mota ya ce ƙwas. Ya sake murɗawa. Ƙwas. Ya gwada hagu, ta tafi sumul kamar an shafa mata man shanu. Ya dawo dama, ta ƙi.

Gumi ya keto masa. Garejin Rahim yana nan a gabansa, a hannun hagu ma, inda motar ke son zuwa. Rahim na zaune a ƙofa yana shan koko. Minti ashirin da zobba huɗu sun isa su raba gardama, zobban ma suna aljihun farin yadin, don ya kwaso su tare da kuɗin mai. Amma Wahab da mutanen benci suna tsaye suna ɗaga masa hannu. Sai ya ɗaga musu shi ma, ya ce a ransa ai hagu uku dama ce.

Haka ya tafi. Duk inda hanya ta ce dama, sai ya wuce ya yi hagu, ya yi hagu, ya yi hagu. Tafiyar rabin awa ta ci masa awa biyu, ya ga unguwannin da bai taɓa sanin suna Accra ba.

Ya tarar Hajiya Alima, uwar Alhaji da Fusena, tana zaune kan akwatinta cikin fararen kaya, da carbi a hannu, dangi sun kewaye ta. Motoci shida, babura sun fi ashirin, kowa ya zo rakiyar Hajiya gida.

"Ina ka tsaya?" in ji Alhaji.

"Sabon faranti sai an zagaya da shi ya saba da mota."

"Rahim ne ya ce haka?"

"Duk wani masani zai ce haka."

Aka sa Hajiya a gaba, Alhaji da Fusena a baya, jarkar zamzam a tsakaninsu. Al'adar rakiya kuwa sananniya ce: motar mai dawowa ita ce gaba, ba mai wuce ta, inda ta bi nan kowa zai bi, ana ta hon har ƙofar gida.

Titi ya miƙe, Jibirilu ya samu sarari ya fara ba Hajiya labarin Libiya. Sai ga mahaɗar Kawukudi, inda ake karya dama a shiga unguwa. Ya wuce ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Ka bar hanya," in ji Alhaji.

"Na sani, Yaya. Hajiya guda ta dawo daga Makka a shigar da ita gida ta ɓoye? Sai an nuna ta."

Hajiya ta gyara mayafi. "Yaron nan yana da hankali, Saddique. Ku ne kuke raina shi."

Jibirilu ya yi hagu, ayari ya yi hagu. Ya sake hagu ya faɗa wani lungu da masu tumatir suka baza kaya, babura ashirin suka bi shi ciki. Wata mai kifi ta kwashe tirenta tana aika wa kakanninsa saƙo da yaren Gã. Igiyar shanya ta maƙale a saman motar, suka fito ɗaya bakin lungun da zanen wata da ɗan kamfan wani suna kaɗawa kamar tuta. Hajiya tana ta ɗaga wa mutane hannu.

Fusena ba ta ɗaga wa kowa hannu ba. Hannun mijinta take kallo. Ta ga duk lokacin da sitiyari ya zo tsakiya sai ƙasan mota ya ce ƙwas, shi kuma sai ya yi tari don ya rufe.

"Jibirilu," ta ce a hankali, "tsaya mu sauka."

"Mun kusa."

"Mene ne ke ƙara a ƙasa?" in ji Alhaji.

"Faranti ne ke aiki."

Suka ɓullo shataletalen Nima. Daga nan gida ba nisa, a zagaya rabi a fita ta dama, shi ke nan. Jibirilu ya shiga yana addu'a a ɓoye, ya kwantar da sitiyari hagu don bin zagayen. Tayar gaba ta faɗa wani rami, ƙasan mota ya ce ƙaras, irin ƙarar da ba tari da zai rufe ta. Ya taɓa sitiyari ya ji shi kamar an zuba masa kankare. Da ma dama ta ƙi, yanzu tsakiyar ma ta tafi.

Hanyar gida ta zo ta wuce.

"Ga hanyarmu can," in ji Alhaji.

"Zagaye ɗaya na girmamawa, Yaya."

Ayari ya biyo shi, ba mai wuce motar Hajiya. Hanyar gida ta sake zuwa ta sake wucewa. A zagaye na uku kan ayari ya cim ma wutsiyarsa, Jibirilu ya koma bin motar ƙarshe, motar ƙarshe na bin ta gabanta, kowa na bin kowa ana hon. Masu babur suka ɗauka sabon salo ne, suka fara miƙewa tsaye a kan sirdi. Motocin haya suka cushe ta kowace kusurwa. Wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Cale, abokina, in gida kuka manta ku tambaya mana."

A zagaye na huɗu jama'ar bakin titi suka fara ƙirgawa da ƙarfi. Mutanen benci sun iso da gudu, Wahab a gaba, Nasira ta bar tukunyarta, Rahim ya tsaya ya harɗe hannu.

"Biyar!"

"Jibirilu, ka fita daga nan," in ji Alhaji.

"Ina neman kusurwar da ta dace."

"Shida!"

"Ka taka birki."

"In na tsaya na baya za su dake mu."

"Bakwai!"

Hajiya Alima, wadda tun ɗazu take jan carbi ɗaya a kowane zagaye, ta juyo ta dube shi.

"Ɗana, a can inda na fito bakwai ake yi a tsaya. Kai nawa ka yi niyya?"

Ya kafa ido a kan titi. Ya yi na takwas. A na tara Alhaji ya miƙo hannu ta kan kafaɗarsa ya murɗe makulli ya zare. Mota ta yi shiru ta tsaya a tsakiyar titi, babura suka yi ta cin birki suna karo da juna, jarkar zamzam ta gangaro kan ƙafar Fusena. Jama'a suka ɗauki tafi.

Jibirilu ya fito yana gyara tabarau.

"Matsalar daga kamfani ce. An yi farantin ba daidai ba."

Rahim ya ratso mutane, ya kwanta a kwalta ya leƙa ƙasan mota. Bai daɗe ba ya fito yana kakkaɓe riga.

"Alhaji, faranti ya danne sandar. Babu zobe ko ɗaya. Ni kuma ba a kawo mini motar ba."

"Babu zobba a kwalin," in ji Jibirilu. "A haka ya zo."

Ya sa hannu a aljihu ya fizgo hankici don share gumi. Zobban nan huɗu suka biyo hankicin suka zube a kwalta, ɗaya ya gangara ya je ya kwanta a gaban takalmin Alhaji. Kowa ya bi shi da ido har ya gama rawa ya tsaya.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauka, ya haɗa da makulli ya miƙa wa Rahim.

"In ka kwance, ka kai mu gida. Jibi kuma ka shirya, za mu tafi arewa."

Kwancewar ma sai da ta ci kusan awa, don notunan da aka ɗaure da lilo ba sa jin lallashi. Hajiya ba ta jira ba. Ta sauka ta ce ƙafarta ta san hanyar dama, ta kama tafiya, dangi suka bi ta. Jibirilu aka ɗora wa jarkar zamzam a ka. Fusena na tafe gefensa, ba ta dube shi ba, hawaye ne cike da idonta don takaici, ta san gobe da asuba tukunyar koko na jiran ta kamar kullum, kuma yau duk Nima ta ga abin da ta durƙusa a kansa.

A gida aka baje tsaraba. Wannan dabino, wannan carbi, wannan turare. Da aka zo kan Jibirilu, Hajiya ta laluba can ƙasan akwati ta ciro farin rawani mai jan zane, irin wanda alhazai ke dawowa da shi, ta yafa masa a kafaɗa a gaban kowa.

"Na Saddique ne, amma kai ka fi cancanta. Mu sai da muka hau jirgi, kai a Nima ka yi naka, har da ƙarin biyu."

Daga ranar ba wanda ya sake kiran sa Injiniya. Alhajin Shataletale ake ce masa, har yara masu tallan ruwa.

Da yamma ya dawo ɗaki ya tarar Fusena na jiƙa gero. Ya zauna bakin gado, ya yi gyaran murya.

"Amma dai ki faɗi gaskiya. Zagaye tara, da rami, da komai, farantin nan ko motsi bai yi ba."

Fusena ta tsame hannunta daga ruwa, ta ɗauko babban bokitin koko ta dire a gabansa, ta ɗora ludayi a kai.

"Gobe kai za ka kai shi tasha. Daga ƙofar gida hagu ne, hagu, hagu. Ba inda za ka ɓata."